Yadda Muka Yi wa Ƙusa Naɗi

Na san mai karatu zai yi mamaki in ya buɗe mujallar Ƙungiyar Hausa, inda aka saba ganin waƙoƙi da gajerun labarai da muhawarar nahawu, ya tarar da ɗalibin Hausa yana maganar waya da batir da maganaɗisu. Wani ma zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? To, ina roƙon a yi mini uzuri a karanta zuwa ƙarshe. Abin da ya haɗa su wata tambaya ce da aka yi mini a shagon baffana a hutun da ya wuce, wadda na kasa amsawa, na dawo makaranta da ita tana ci mini rai.

Baffa ƙanen mahaifina ne. Shi ya riƙe ni tun ina ɗan shekara bakwai, bayan rasuwar mahaifina, Allah ya jiƙansa. Sana'arsa naɗin kwayil, a wani ɗan shago da ke lungu kusa da Kasuwar Sabon Gari ta Kano. Duk wanda fankarsa ta ƙone, ko injinsa na jan ruwa, ko injin markaɗe, can yake kai masa. In an kawo, sai ya buɗe cikin injin, ya shinshina, ya ce ya ƙone ko bai ƙone ba. In ya ƙone, sai ya warware tsohuwar wayar a hankali yana ƙirga naɗinta ɗaya bayan ɗaya, ya auna kaurinta, ya rubuta adadin da alli a jikin bango. Sa'an nan ya ɗauko sabuwar waya mai kauri daidai da waccan, ya naɗa adadin da ya ƙirga, ba ƙari ba ragi, ya shafe da banish, ya ajiye ta bushe. Da wannan aiki ya ciyar da mu, da shi kuma ya biya mini kuɗin makaranta tun daga firamare har yau.

Burin Baffa shi ne in zama injiniya. Allah bai nufa ba, domin lissafi ya kayar da ni a jarrabawar fita sakandare, Hausa kuwa na ci ta da kyau. Ranar da na kai masa takardar shiga jami'a, ya juya ta gaba da baya, ya dube ni ya ce, "Watau Hausar nan da muke yi da kai a gida, ita za ka tafi jami'a ka koya?" Bai ƙara cewa kome ba. Washegari ya ƙirgo kuɗin rajista ya ba ni. Shekara uku ke nan, maganar nan ba ta bar zuciyata ba.

Ni ma na taɓa sana'ar kaɗan. Ina ɗan shekara goma sha uku Baffa ya ba ni wata fankar sama in haɗa bakin wayoyinta bayan ya gama naɗi. Na haɗa, muka rataye, aka kunna. Fanka ta tashi lafiya lau, sai dai baya take juyawa, iska tana tafiya sama maimakon ta sauko. Mai fankar yana tsaye, ya yi ta dariya. Baffa ya saukar da ita, ya sauya bakin wayoyi biyu, wannan ya koma wurin wancan, aka kunna ta daidaita. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Haka ake yi." Na riƙe wannan amsa shekara tara.

To, a hutun nan ina zaune a shago, sai yaron da ke koyon aiki a wurinsa, ɗan shekara goma sha huɗu, ya ɗauki guntun waya ya kara ta da ƙusa, ya ga ba ta kama ba. Ya ce, "Maigida, wai jan ƙarfe ai ba ya jan ƙarfe. To me ya sa in an naɗa shi an sa masa wuta sai ya riƙa fizgar sukurdireba?" Baffa ya ajiye aikin hannunsa ya ce, "Shekara talatin ina naɗi, na san yana yi, amma dalilin ban sani ba. Ga ɗan jami'a nan, tambaye shi." Na yi murmushin yaƙe na ce, "Baffa, ai ni Hausa nake karantawa." Ya ce, "To, ai da Hausar aka tambaye ka."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Yaron ya zuba mini ido, ni kuwa ba ni da ta cewa.

Da muka dawo makaranta na nufi wani abokina da ke Sashen Fiziks. Ya yi mini bayani cikin Turanci tiryan-tiryan, yana zana alamomin lissafi a takarda. Na ce ya maimaita mini da Hausa yadda zan gaya wa Baffa. Ya fara, ya tsaya, ya sake farawa, daga bisani ya jefar da biro ya ce, "Kai, wannan abu ba ya faɗuwa da Hausa." Bahaushe ne ɗan Bahaushe, kuma ba da raini ya faɗa ba, iyakar gaskiyarsa ke nan. Daga nan na ɗaura aniyar sai na gane abin da kaina. Na yi mako uku ina zarya tsakanin laburare da ofishin wani malaminsu mai haƙuri, wanda ya ba ni lokacinsa duk da ba ɗalibinsa ba ne ni. Ga abin da na samo.

Mutane sun san maganaɗisu tun zamanin da, sun kuma san kamfas, watau allurar nan mai nuna arewa wadda matuƙan jiragen ruwa suke bi. Lantarki ma an san shi, musamman bayan da Volta, mutumin Italiya, ya ƙirƙiro batir a 1800. Amma ana ɗaukarsu abu biyu ne da ba su da dangantaka. A shekarar 1820 wani malamin jami'a a Kopenhagen ta ƙasar Denmak, mai suna Hans Kiristiyan Osted, ya lura da cewa in ya miƙa waya daidai da tsawon allurar kamfas, ya saki wutar batir a cikinta, sai allurar ta bar arewa ta karkace, tana neman gitta wayar. In ya yanke wutar ta koma arewa. In ya juya batirin ta karkata ɗaya gefen. Haka kuma in allurar tana ƙarƙashin wayar ta karkata wani gefe, in tana samanta ta karkata gefen da ke kishiyarsa.

Wannan na ƙarshe shi ne mabuɗin al'amarin. Ma'anarsa ita ce, ƙarfin da ke fita daga wayar ba ya jawo allurar zuwa gare ta, ba ya kuma ture ta. Zagaye wayar yake yi, kamar zobe a yatsa, zobe bayan zobe, na kusa da wayar ya fi ƙarfi, na nesa yana raguwa. Yana nan muddin wuta tana gudu, da ta tsaya sai ya ɓace. Saboda haka yaron Baffa ya yi gaskiya, jan ƙarfe ba ya jan ƙarfe. Gudun lantarkin da ke cikinsa shi ke haifar da jan, wayar hanya ce kawai.

A nan na gamu da matsalata ta farko ta ɗalibin harshe. Me zan kira wannan wuri da ke kewaye da waya, wanda ido ba ya ganin kome a cikinsa, amma duk allurar da ta shigo sai ta bi umarni? In na fassara kalmar Turancin kai tsaye sai in ce "fili", Baffa kuwa zai zaci filin ƙwallo ko filin gini. Na kwana biyu ina juya abin, sai kalmar "hurumi" ta faɗo mini. Hurumin gari shi ne ƙasar da ke kewaye da shi wadda ikonsa ya kai gare ta, ko da ba a gina kome a kanta ba. Muna kuma cewa wannan magana ba huruminka ba ce, watau ikonka bai kai can ba. Sai na ce hurumin maganaɗisu, watau iyakar inda ikonsa yake aiki. Na gaya wa malamin, ya yi shiru, ya ce in maimaita, sa'an nan ya rubuta a gefen littafinsa.

Hurumin waya miƙaƙƙiya guda ɗaya ba shi da ƙarfi, iyakarsa ya motsa allura. Labarin Osted ya isa birnin Faris a watan Satumba na 1820, cikin 'yan makonni kuwa wani masani mai suna Andire Amfiya, wanda ake kiran ma'aunin gudun wuta da sunansa, ya ci gaba daga nan. Ya nuna cewa wayoyi biyu da ke jere, in wuta tana bi ta cikinsu fuska ɗaya suna jan juna, in tana bi fuska dabam-dabam suna ture juna. Ya kuma nuna cewa in aka nannaɗe waya ta zama kamar bututu, sai ta yi halin sandar maganaɗisu sak, baki ɗaya ya zama arewa, ɗayan ya zama kudu.

Dalilin haka ba shi da wuya. Ka ɗauki wayar nan mai zobba kewaye da ita, ka lanƙwasa ta ta zama da'ira. Zobban da ke kowane sashe nata dole su ratsa ta tsakiyar da'irar, kuma dukkansu fuska ɗaya suke ratsawa. Ƙarfin da a da yake warwatse sai ya taru a tsakiya. Ka ƙara naɗi na biyu kusa da na farko, nasa ya haɗu da na farkon. Ka yi ɗari, ƙarfin ɗari ya taru a cikin bututun, ya fita ta baki ɗaya, ya zagayo ta waje, ya koma ta ɗaya bakin. Tsinken tsintsiya ɗaya ba ya shara, sai an ɗaure su wuri ɗaya. Don haka abu biyu ke ƙayyade ƙarfin kwayil mai wani tsawo: yawan wutar da ke gudu, da yawan naɗi. Amfiya 2 a naɗi 50 daidai yake da amfiya 1 a naɗi 100. Da na gane wannan sai lambobin allin da ke bangon shagonmu suka faɗo mini a rai.

Akwai kuma hanyar sanin wane baki ne arewa. Ka kama kwayil da hannun dama, yatsunka huɗu suna bin hanyar da wuta take zagayawa daga kan batir mai alamar tarawa zuwa gindinsa. Inda babban yatsanka ya nuna, nan ne arewa. In ka juya batir, ko ka juya fuskar naɗi, arewa ta koma kudu.

Saura ƙarfen da ake sakawa a tsakiya. A cikin baƙin ƙarfe akwai ƙananan yankuna da ido ba ya gani, kowanne maganaɗisu ne a kan kansa. Amma suna nan kamar mutane a kasuwa, kowa ya fuskanci inda ya ga dama, ƙarfin wannan yana kashe na wancan. Da hurumin kwayil ya ratsa ƙarfen sai su juya fuska ɗaya, kamar 'yan kasuwar sun ji tambarin sarki kowa ya waiwaya. Ƙarfinsu ya haɗu da na kwayil, ya ninka shi ninkin ba ninki. In ƙarfen mai taushi ne, da an yanke wuta sai kasuwa ta koma yadda take. In kuwa mai tauri ne, irin wanda ake yin sukurdireba da shi, wasu yankunan sukan tsaya yadda aka juya su, shi ya sa sukurdireban Baffa yake riƙe ƙananan kusoshi ko ba wuta.

Wanda ya fara haɗa kwayil da ƙarfe ya zama kayan aiki shi ne Wiliyam Istajin, mutumin Ingila. Da na karanta tarihinsa sai da na tashi zaune. Yaron mai ɗinkin takalma ne, daga baya ya shiga soja, a can ya koya wa kansa kimiyya. A 1825 ya nuna wa jama'a wani lanƙwasasshen ƙarfe mai nauyin kamar giram 200, da naɗi 18 na wayar jan ƙarfe, wanda ya ɗaga nauyin kamar kilo 4. Wayarsa tsirara ce, ƙarfen ya shafe da banish, don haka tilas ya bar tazara tsakanin naɗi da naɗi, bai iya yin da yawa ba. Josef Henri na Amurka, wanda shi ma ya yi koyon gyaran agogo yana yaro, ya rufe wayar kanta da zaren siliki, ya sami damar ɗora naɗi a kan naɗi. A 1831 ya yi wanda ya ɗaga fiye da kilo 900. Sai kuma Maikel Farade, ɗan maƙeri, wanda ya fara da koyon ɗinkin littattafai. Shi ne a 1831 ya gano kishiyar abin da Osted ya gani, watau in hurumin maganaɗisu yana sauyawa a cikin kwayil sai wuta ta tashi a cikin wayar. A kan wannan aka gina janareto da taransifoma, har da manyan injinan madatsar ruwa ta Kainji da aka kammala a 1968. Farade bai yi zurfi a lissafi ba. Jemis Makswel ne ya zo a shekarun 1860 ya zuba tunaninsa cikin lissafi, ya nuna lantarki da maganaɗisu fuskoki biyu ne na abu ɗaya.

Da na ga na cika jakata, ranar wata Asabar na hau mota sai shago. Na tafi da batirin tocila babba, da ƙusa 'yar inci shida, da ƙananan allurai, da kamfas ɗin da nake duba alƙibla da shi. Na ce, "Baffa, na zo da amsa." Ya ce, "Bismilla, Malam." Ya jawo benci ya zauna, yaron ya tsuguna, maƙwabcinmu mai walda ma ya leƙo.

Na yanki waya daga ƙunshin Baffa, na miƙa ta a kan kamfas daidai da allurar, na kara bakinta biyu a batir. Allura ko motsi. Na sake dannawa, shiru. Gumi ya fara keto mini, na soma tunanin ko batirin ne ya mutu. Baffa ya bar ni na sha wahala kaɗan, sa'an nan ya miƙo hannu ya karɓi wayar, ya zaro 'yar wuƙarsa ya kankare bakin nan biyu har suka yi ƙyalli, ya miƙo mini. Ya ce, "A littafin naku ba a ce a cire mata riga ba?" Mai walda ya fashe da dariya. Ni da na karanta labarin silikin Henri da idona, na manta wayar naɗi tana zuwa da siririn shafe a jikinta wanda yake hana wuta wucewa.

Na sake karawa, allura ta yi tsalle ta karkata. Na juya batir, ta karkata ɗaya gefen. Na ɗora kamfas a kan wayar, ta sake sauya gefe. Baffa ya sunkuyo ya ce in sake. Na sake har sau uku. Ya ɗaga yatsa yana zana da'ira a iska ya ce, "Watau zagaya ta yake yi." Ban riga na faɗa ba, da kansa ya gani.

Sa'an nan na ɗauki ƙusa na fara nannaɗa mata waya. Ya dubi yadda nake yi, wani kan wani, wani da tazara, ya girgiza kai ya karɓa. Cikin ɗan lokaci ya jera naɗi ashirin sumul kamar ɗinkin keke. Muka sa wuta, ƙusa ta ɗauki allurai kaɗan. Ya ƙara ya kai ɗari, ta kwashi tari guda. Na cire batir, suka zube, sai ɗaya ko biyu da suka maƙale. Na kawo kamfas kusa da kan ƙusar, bakin allura ɗaya ya juyo. Na kai shi tsininta, ɗaya bakin ya juyo. Na yi musu bayanin hurumi, da tsintsiya, da 'yan kasuwa da tambari. Yaron ya kama ƙusar da hannun dama yana gwada babban yatsansa, ya faɗi inda arewa take kafin mu duba, kuma ya dace.

A cikin bayanin ina ta cewa "zagaye ɗari, zagaye ashirin". Baffa ya tsayar da ni ya ce, "Mu ba ma cewa zagaye. Naɗi muke cewa, kamar na rawani." Ya ɗaga ƙusar ya ce, "Ka ga wannan, ɗazu talaka ce. An yi mata naɗi ta sami hurumi, kowa yana bin ta. Ka cire batir ka tuɓe ta." Na ɗauko biro na rubuta, domin ni ban kai ga wannan ba a mako ukun da na yi a laburare.

Sai na ce, "Baffa, ka tuna fankar da na haɗa ta juya baya?" Ya ce ya tuna, har mai ita ya tuna. Na ce yau na san dalili. Wutar gida ba kamar ta batir ba ce mai bin hanya ɗaya. Gaba take yi ta dawo baya, sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya a ƙasar nan, saboda haka arewa da kudun kowane kwayil suna ta musanya wuri. A cikin fankar sama akwai jerin kwayil biyu. Da jeri ɗaya ne kawai, da sai dai ya yi ta ja yana saki a wuri ɗaya, fanka tana gurnani ba ta san inda za ta nufa ba. Aikin kafasta shi ne ta sa wutar jeri ɗaya ta riga ta ɗayan da ɗan lokaci ƙanƙane. Wannan ya ja, na kusa da shi ya karɓa, na gaba ya karɓa, sai hurumin ya zama kamar yana gudu yana zagayawa. Gangar fankar kuma tana da sandunan alminiyam a jikinta. Hurumin da ke wucewa yana tayar da wuta a cikinsu, kamar yadda Farade ya gano, su ma su zama maganaɗisu, su bi shi a guje. In ka musanya bakin jeri ɗaya, ka mayar da arewarsa kudu, sai gudun ya koma ta ɗaya hannun. Baffa ya ce, "Shi ya sa in kafasta ta mutu sai an tura fanka da sanda." Na ce shi ya sa.

Daga nan karatu ya juya, ni na koma ɗalibi. Na ce ƙusar ta yi zafi a hannuna, ya ce ai zafin nan shi ne abincinsa. Ya bayyana mini cewa in wuta ta zo da rauni, injin jan ruwa yakan kasa tashi, ya tsaya yana gurnani yana shan wuta fiye da kima, har rigar wayar ta narke. Da ta narke sai naɗi ya taɓa naɗi, wuta ta sami gajeriyar hanya ta tsallake sauran, zafi ya ƙaru, kwayil ya ƙone. Ya ce wasu masu gyara sukan rage naɗi ko su sa waya siririya don su ci riba, inji ya yi wata biyu ya dawo. Duk abin da ya faɗa na koma na tarar da shi a littafi, an rubuta shi da alamomi. Shi kuwa da hanci da yatsu ya san shi.

Da zan tafi ya raka ni bakin titi, abin da bai saba yi ba. Ya ce in rubuta wa yaron duk abin da na faɗa a takarda, da Hausa, da zane, domin idonsa shi ya fara rauni, ƙirgar siririyar waya tana yi masa wuya, yana so yaron ya fi shi sani kafin ya bar masa shagon. Bai ce kome ba game da karatun Hausa, ni ma ban tayar ba. Na rubuta shafi goma sha ɗaya na kai, yaron ya haddace rabinsu, ya kuma gyara mini zane ɗaya da na juya fuskar naɗinsa.

Akwai wani abu da na tsinta a tarihin Osted wanda nake so 'yan'uwana ɗalibai su ji. Takardar da ya sanar da duniya bincikensa a watan Yuli na 1820 da Latinanci ya rubuta ta, harshen masana na Turai a da. Amma mutumin nan ya damu ƙwarai da harshen uwarsa, wanda masu magana da shi ba su kai Hausawa yawa ba ko kusa. Ya zauna ya ƙirƙira wa Danishanci kalmomin kimiyya masu yawa, har da sunayen iskar oksijin da ta haidirojin, kuma da su mutanen Denmak suke amfani har yanzu. Ashe abin da abokina ya ce ba ya faɗuwa da Hausa, a can ma sai da wani ya zauna ya sa shi ya faɗu.

Saboda haka ina da shawara ga wannan ƙungiya tamu. Mun saba fita ƙauyuka mu tattaro tatsuniyoyi da kirari da waƙoƙin niƙa, kuma aiki ne mai kyau, a ci gaba da shi. Amma a lungunan Kano da Zariya da Katsina da Sakkwato akwai masu naɗin kwayil, da makanikai, da masu walda, da masu gyaran rediyo da wayar hannu, waɗanda kullum da Hausa suke koyar da yaransu aikin da jami'a take koyarwa da Turanci. Suna da kalmomi, wasu na aro da suka gyara wa zama, wasu na gida da suka ba sabon aiki. Ya kamata mu riƙa haɗa ɗalibin Hausa ɗaya da ɗalibin kimiyya ɗaya, su je su zauna a benci, su ba da abin da ke littafi, su karɓo abin da ke hannu, mu buga sakamakon a wannan mujalla, malamanmu na ɓangarorin biyu su duba su gyara. Kalmar "hurumi" da na kawo ma ban ce ta zauna ba. Wanda yake da wadda ta fi ta, filin mujalla a buɗe yake.

Abokina na Fiziks ya karanta shafukan nan goma sha ɗaya, ya gyara mini wuri biyu, ya kuma yarda zai bi ni shago a hutu mai zuwa. Yaron ya riga ya aiko da sabuwar tambaya: me ya sa taransifomar unguwarsu take kuka dare da rana? Na fara bincike, kuma wannan karon da 'yar wuƙata zan tafi.